Layin da Ban Katse Ba

Tun ranar da na haifi Ummi nake ɗauke da tsoro guda ɗaya, kada ta tashi a hannun wasu kamar yadda na tashi. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, aka yi ta yawo da ni gida-gida a cikin dangi. Gaskiya ba wanda ya zalunce ni, amma na san yadda yaro yake cin abinci yana kallon fuskar matar gida. Shi ya sa ko tari na yi sai gabana ya faɗi, in ce to idan na mutu wa zai riƙe ta? Baban Ummi direban tirela ne, yana ɗaukar shanu daga nan Potiskum zuwa kudu. Idan ya dawo ya tarar da ni cikin wannan tunani sai ya yi dariya ya ce, "Maman Ummi, ke ko sauro ne ya cije ki sai kin bar wasiyya." Ni ma in yi dariya. Ban taɓa kawowa a raina cewa ba ciwo ne zai raba ni da yarinyar nan ba, ni ce da kaina.

Ban gama firamare ba, kada ku ga rubutuna ku yi mini dariya. Abin da Allah ya ba ni shi ne ido. Idan na ga abu sau ɗaya ya zauna.

Maƙwabciyata Falmata ita ta samo mini aiki a shagon hoton da take yi wa aiki a unguwar Yindiski. Ita mai ɗaukar hoto ce a wajen bikin mata, ranar lalle da kamu, inda namiji ba ya shiga. Mai shagon, Oga Bulus, mutumin Filato ne, amma ya daɗe a garin nan har ya fi wasunmu sanin al'adarmu. Ya san hoton amarya da ƙawayenta babu mayafi ba abin da namiji zai kalla ba ne. Saboda haka ya ware wa hotunan mata ma'ajinsu daban a cikin kwamfuta, da lambar sirrinsu daban. Shi kansa ba ya buɗewa. Daga Falmata sai macen da za ta zauna a gaban shago ta nuna wa masu biki hotunansu su zaɓa. Wannan kujerar ce aka ba ni.

A lungun shagon akwai wata baƙar kwamfuta da ba a kashe ta, suna ce mata saba. Duk hoton da aka ɗauko cikinta yake shiga. Masu gyaran hoto da ke ɗakin baya ba sa taɓa ta da hannu, ta waifai, wato intanet ɗin shagon, suke shiga su ɗauki hoto su gyara su mayar. Ranar da na fara, Oga ya zaunar da ni gaban allon da ke kan teburina ya ce:

"Maman Ummi, ki ɗauka wannan ƙofar gida ce, ke kuma kina zaune a zaure. Duk wanda ya shiga saba, layi ɗaya zai fito a nan. Ga sunan da ya shigo da shi, ga lambar wayarsa ko kwamfutarsa, ga abin da yake ɗauka. Idan ya fita, layin ya ɓace."

Na ce, "Oga, ni fa ban iya Turanci ba."

Ya ce, "Mai gadi sai ya iya Turanci? Ki san 'yan gida kawai. Idan kin ga baƙo, ki danna kansa, ki danna jan maɓallin nan, ya fita. Sannan ki kira ni."

Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Kafin a ce me, na san kowa da halinsa a allon nan. Falmata ɗaya bayan ɗaya take zuba hotunanta, a natse, kamar yadda take tafiya. Isiyaku mai gyaran hoto kuwa idan ya shiga sai ya kwaso biki guda a lokaci ɗaya, sandar da ke nuna tafiyar hoton kowa a allo ta tsaya cak. Sai in leƙa ɗakin baya in ce, "Isiyaku, ka rage haɗama, mutane na layi." Ya ce, "Hajiyar saba ta yi magana, to mun ji." Sunan ya bi ni. Har na san wutsiyar lambar kowa ba tare da na karanta sunan ba.

Oga ya yarda ina zuwa da Ummi, lokacin ta fara haɗa magana. Tana zama a cinyata tana kallon layukan suna fitowa suna ɓacewa. Wani lokaci Oga yana gwada ni, ya ari wayar wani ya shiga daga waje. Da layin ya fito sai in nuna wa Ummi in ce, "Wane ne wannan?" Ta buga hannu a tebur ta ce, "Baƙo." In kama ɗan yatsanta mu danna jan tare. Oga ya shigo yana dariya ya ce masu gadi biyu yake da su, albashin ɗaya yake biya. Daga nan duk wanda Ummi ba ta sani ba, ko mai tallan gyaɗa ne, baƙo ne a wajenta.

Abin ya fara ne da rigar Sallah.

Daura da shagonmu akwai wata tela, Anti Jummai. Muna gaisawa, tana ba Ummi ƙyallaye ta yi wasa. Ana saura kwanaki kaɗan Sallah ta tsallako ta zauna kusa da ni ta ce, "Ƙanwata, amaren nan da ake kai musu ɗinki Kano da Abuja, ba duk hotunansu na wajenki ba? Ni ba fuska nake so ba, wuyan riga nake so in gani da yankan hannu. Ki bar ni in ɗauki kaɗan a wayata, in yi wa Ummi irin wadda ba a taɓa gani ba a unguwarku."

Na ce Oga ya hana. Ta ce, "Maza ya hana. Ni namiji ce?"

Na juya maganar a raina na ga kamar tana da gaskiya. Ita ba ta iya saita wayar ba, sai ta kira ƙanen mijinta, Sabo, ya zo ya saita mata. Ni na faɗi lambar sirrin da bakina, shi ya rubuta. Da ta koma shagonta layi ya fito a allona da sunan ma'ajin mata, da lambar da ban sani ba. Ummi ta ce, "Baƙo." Na ce, "A'a, Anti ce." Ranar Sallah Ummi ta sa riga ruwan hoda mai tattara har ƙasa, mata suna tsayar da ni a hanya suna tambayar wa ya ɗinka. Na yi murna ranar, ba zan yi muku ƙarya ba.

Bayan Sallah, wata rana da hantsi Oga ya fita, sai layi ya sake fitowa da sunan ma'ajin mata. Na ɗaga kai. Falmata tana gabana tana cin ɗanwake da hannu biyu-biyu. Na leƙa waje, Anti Jummai tana kan keke, hannayenta duka a kan yadi. Na duba wutsiyar lambar, ba ta wayar Anti ba ce. Kuma mai layin nan ba riguna yake zaɓa ba, hotunan da aka ɗauka kusa da fuska yake kwasa. Can gindin bishiyar maina, wato dogonyaro, a bencin mai faci, na hango Sabo ya sunkuyar da kai kan waya.

Na kai hannu kan jan nan. Da na danna a lokacin na kira Oga, da faɗa kawai zan sha. Amma na tuna wa ya faɗi lambar. Na janye hannuna.

Da Falmata ta fita Sabo ya shigo da leda, yogot da biskit. Ya miƙa wa Ummi, ya ce, "Hajiyar saba, na ga kin bar ni na gama, na gode. Teloli nake kai wa a Damaturu, ba wani abu ba." Na ce teloli fuska suke ɗinkawa? Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai ki riƙa rataya zanin goyon Ummi a ƙofa idan Oga ba ya nan. Idan kuma kin fi so ki gaya masa, sai mu je tare, in tuna masa wa ya ba ni lamba."

Ina so in ce tsoro ne kawai ya sa na yi. Ba haka ba ne. Da farko tsoro ne, daga baya na saba da ledar. Yau madara, gobe takalmin yarinya, har waya ya kawo mini, na ce wa Baban Ummi Oga ne ya ba ni saboda aiki. Ni da hannuna nake rataya zanin. In zauna ina kallon layinsa, ina ganin sandar tana cika, hoton 'yar mutane yana fita daga shagonmu ɗaya bayan ɗaya. Na daina ɗora Ummi a cinyata lokacin, don kada ta faɗi kalmar nan.

Ashe shafuka yake buɗewa a intanet da hotunan, da sunan 'yan mata masu neman miji, yana yaudarar maza suna turo masa kuɗi. Wata amarya daga unguwar Ngojin, Hadiza, hotonta na ranar lalle ya yi ta yawo kanta a buɗe, har wani da aka cuta ya gane ta ya je gidan surukanta yana rigima. Aurenta sabo ya fara rawa. Yayyenta suka zo shagonmu rai a ɓace. Oga ya rantse bai taɓa buɗe ma'ajin ba. Ido ya koma kan Falmata, tunda ita ta ɗauki hoton. Falmata da ta samo mini aiki ta zauna a ƙasa tana kuka, ni ina tsaye da tsintsiya a hannu, ban ce komai ba. A duk abin da na yi, wannan shirun ne ya fi ba ni kunya.

Na daina rataya zani. Amma na lura Oga bai canja lambar sirri ba, kuma bai tambaye ni komai ba. Bayan 'yan kwanaki ya ce zai je Jos, ya yi mana sallama da jakarsa. Kafin azahar Sabo ya zo gindin maina, ko da zani ko babu. Layinsa ya fito. Na zuba masa ido, hannuna a cinya.

Sai na ji an buɗe ƙofar ɗakin baya. Oga ne. Ta ƙofar baya ya dawo, yana zaune da ƙaramar kwamfutarsa yana kallon layukan da nake kallo. Ya tsaya a kaina ya ce, "Maman Ummi, kin ga layin nan?"

Na ce, "Na gani, Oga."

"Ɗan gida ne?"

"Baƙo ne."

"To me ya riƙe hannunki?"

Oga bai katse layin ba. Ya bar shi yana ɗauka har 'yan sandan da ya kira suka iso bencin mai faci, suka karɓi wayar a hannun Sabo hoto yana cikin shiga.

A gaban alƙali ban yi musu ba. Na faɗi komai, har zanin, na kuma ce Falmata ba ta san komai ba. Aka yanke wa Sabo shekaru, ni watanni. Anti Jummai gargaɗi aka yi mata, ta rufe shago ta bar layin. Ranar da za a wuce da ni gidan gyaran hali surukata, Inna, ta zo daga Fika. Ta kwance Ummi daga bayana da hannunta, ta goya ta da zanin nan dai. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Za ta ci, za ta sha." Abin da na yi ta gudu tun ranar haihuwa, ga shi na kai ta da ƙafata.

Kwanakin farko ba na ci, ba na magana. Wata dattijuwa da na tarar a ɓangaren mata, Baba Asabe, ita ta fara zolayata. Ta ce, "Mu dai akuya muka sata, ke aka ce iska kika sata. Yaya ake sa iska a buhu?" Na yi mata bayanin saba da layuka da jan maɓalli. Ta ce, "Au, ashe gadi aka ba ki kika buɗe wa ɓarawo ƙofa. To ai irin namu ne, kwamfuta ce kawai ta yi masa kwalliya." Ranar na fara dariya. Kuma maganarta ta zauna mini, don da ina ganin kamar abin da ba ka ɗauka da hannu ba ba sata ba ne.

A can na ƙara karatu wajen wata ma'aikaciya mai haƙuri, a can kuma aka koya mini keken ɗinki. Baban Ummi ya daɗe bai zo ba, yana fushi, kuma yana da gaskiya. Ranar da ya zo, yana warin man dizal, ya zauna ya ciro wata igiya daga aljihu mai ƙulli biyu ya ce, "Wannan tsayinta ne, wannan faɗin kafaɗa. An ce kina koyon ɗinki." Na riƙe igiyar na ga yadda ta ƙaru ba a gabana ba, na yi kuka. Ya ce, "To, an fara wasiyya ke nan." Na yi dariya da hawaye a fuskata. Da atamfar da ya kawo na ɗinka mata riga. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na warware na sake har ya daidaita.

Da aka sake ni na ce wa Baban Ummi mu wuce tashar Fika kai tsaye. Ya ce, "Inna ta ce kada ki taka gidanta sai kin je wajen waɗanda kika ɓata wa." Raina ya so ya ɓaci, amma na san gaskiyarta.

Na fara da Ngojin. Na yi sallama. Hadiza ta fito da tsohon ciki, ashe mijinta ya tsaya mata, aure yana nan. Na durƙusa na faɗi ko ni wace ce. Ta kalle ni ta ce, "Na yi wata biyu ban leƙa ƙofar gida ba saboda ke. Har yau idan aka ɗaga waya a biki sai in rufe fuska." Na ce na sani, ba ni da abin cewa. Ta ce, "An ce kina da 'ya." Na ce e, tana Fika. Ta ce, "To tashi ki je wajenta. Na yafe." Har ruwa ta ba ni na sha.

Falmata kuwa sai da ta wanke ni tas da faɗa a tsakar gidansu, da Hausa da Barbarci, sannan ta jawo ni ta rungume ta ce na rame kamar kazar mayu. Oga Bulus ya saurare ni har na gama ya ce, "Na yafe miki, Maman Ummi. Amma kujerar nan ba za ki sake zama a kanta ba." Na ce ko ya ba ni ba zan karɓa ba. Na saci kallon allon, layuka na fitowa suna ɓacewa a gaban wata sabuwar yarinya, ga na Isiyaku ya cika wuri kamar kullum. Ban san lokacin da na ce, "Isiyaku, har yanzu?" Daga ɗakin baya ya amsa, "Hajiyar saba ta dawo." Duk muka yi dariya.

Washegari muka hau motar Fika. Tun daga Potiskum nake tambayar Baban Ummi, idan ba ta gane ni ba fa? Ya ce in bar shi ya huta. Muka shiga gidan da la'asar. Inna tana tankaɗe, ga wata yarinya doguwa a gefenta tana wasa da murfin kwano. Da ta gan ni sai ta gudu bayan Inna ta riƙe zaninta, tana leƙowa da ido ɗaya. Na durƙusa na gaida Inna, na gaya mata duk inda na je. Ta gyaɗa kai. Sannan ta juya ta ce, "Ummi, wace ce wannan? Baƙuwa ce?"

Na san yarinyar nan, wanda ba ta sani ba kai tsaye take ce masa baƙo.

Ta fito a hankali. Ta kalli fuskata, ta kalli hannuna. Ta kama ɗan yatsana, wanda muke danna jan nan da shi, ta riƙe. Ta ce, "Ba baƙuwa ba ce. Mama ce." Sai ta juya ta haye cinyata ta zauna, kamar jiya ta sauka.

Inna ta ci gaba da tankaɗenta ta ce, "To sai ki ɗauki kayarki, ta cinye mini gyaɗa kaf." Rigar da na ɗinka ta ɗan yi mata gajarta, don ta wuce igiyar, amma ta ƙi cirewa har ta yi barci a cikinta.

Yanzu ina ɗinki a gida, kayan yara na fi yi. Idan mace ta kawo mini hoton riga a waya, sai na tambaye ta ko mai rigar ta sani. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, ni dai sai na tambaya. Ummi ta shiga makaranta, ita ke gyara mini wasu kalmomin. Tsoron nan nawa bai tafi duka ba, har yanzu idan na yi tari sai na kalle ta. Amma ina kwana da ita, ina tashi da ita, kuma ba abin da nake ɓoye wa kowa. Ban san daɗin da ya kai wannan ba.

Ƙannena, mata da maza, da yawa cikinku yanzu a gaban kwamfutar mutane kuke aiki, a shagon hoto, a wajen gyaran waya, a ofis. Abin da ke ciki ba ya da nauyi a hannu, amma mutuncin wani ne. Ga roƙona. Lambar sirrin da aka ba ku, kada ku faɗa wa kowa, ko mace ce, ko 'yar'uwa ce, ko riga kawai ta ce za ta gani. Idan kuma kun riga kun faɗa, kuka ga layin da ba ku sani ba ya fito, ku katse shi a take, ku kira mai wurin ku faɗi gaskiya tun tana faɗa ce kawai za ku sha. Kuma idan kun yi salla, ku sa Hadiza da Falmata a addu'a, sannan ni.